Dalilin Da Ya Sa Muke Tara Masu Ciwon Dajin Fankiriyas Tare Da Masu Jinyarsu

Assalamu alaikum. Iyayena maza da mata, da 'yan'uwana ma'aikatan lafiya na nan Zariya, Allah ya saka muku da alheri da kuka amsa wannan gayyata.

Fankiriyas wata gaɓa ce da ke kwance a bayan tumbi, wadda ke samar da sinadarin insulin mai daidaita sukari a jini, da kuma ruwan da ke narkar da abinci. Idan daji ya kama ta, yakan daɗe yana ɓoye, har sai idanu sun yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu, jiki ya kama ƙaiƙayi da rama, ciwon ciki kuma ya riƙa ratsawa zuwa baya. A gidajenmu sai a ce shawara ce, a yi ta shan jiƙo wata da watanni kafin a nufi asibitin koyarwa na Shika. Shi ya sa kusan mutum 1 cikin 5 ne kawai ke zuwa a lokacin da za a iya yi masa tiyata, irin wadda likita Allen Whipple ya bayyana a Amurka a 1935.

Mintunan da likita ke da su a ɗakin duba marasa lafiya ba sa isa a yi wannan bayani, kuma wanda aka faɗa wa labari mai nauyi ba ya riƙe rabin abin da ya ji. A zaman rukuni kuwa, ana maimaitawa da Hausa, a natse, kuma tambayar da wani ke jin nauyin yi, sai wani ya yi ta a madadinsa.

Abin da na fi damuwa da shi shi ne mai jinya. Matar da ke dama kunu ita ya kamata ta ji cewa a riƙa ba mai ciwon abinci kaɗan-kaɗan, sau da yawa, kuma ƙwayoyin taimakon narkewa tare da abinci ake haɗiye su. Ɗan da ke sayo magani shi ya kamata ya ji cewa mofin, wato maganin rage raɗaɗi mai ƙarfi, idan likita ya rubuta, ba alamar an yanke ƙauna ba ne, sai dai yana ɗaure ciki, don haka ake haɗa shi da maganin sassauta bayan gida.

Akwai kuma iyalan da ke roƙonmu mu ɓoye wa baba gaskiya. Na san tausayi ne. Amma dattijon da ke da bashi da wasiyya yana da haƙƙin a tambaye shi iya abin da yake so ya sani, kuma a irin wannan zama ne iyalai ke jin yadda wasu suka fara wannan magana a gidajensu.