Juliette Gréco, mawaƙiya mai baƙaƙen kaya

Assalamu alaikum. Na baya, kuna jina? To madalla. Abu uku zan faɗa a kan Juliette Gréco, mawaƙiya kuma 'yar fim ta ƙasar Faransa.

Na farko ƙuruciyarta. An haife ta a Montpellier a 1927. A 1943, Jamus na mamaye da Faransa, 'yan Gestapo, wato 'yan sandan ciki na Jamus, suka kama ta, don mahaifiyarta na cikin masu yaƙar mamayar a ɓoye. Shekararta 16. Uwar da yayarta aka kai su sansanin gwale-gwale na Ravensbrück a Jamus, ita kuma aka tsare ta a kurkukun Fresnes, daga baya aka sake ta. Ta fito ba uwa, ba gida, ba ko sisi. Tsohuwar malamarta, Hélène Duc, ita ta riƙe ta a Paris, kusa da unguwar Saint-Germain-des-Prés, matattarar marubuta da makaɗa. A nan marubuci kuma masanin falsafa Jean-Paul Sartre ya ba ta baitoci ya ce ta rera. Baƙaƙen kaya take sawa, ta tsaya cak, murya da hannuwa kawai ke aiki.

To a wannan unguwa ne, kuma nan nake so ku buɗe kunne, ta haɗu da Miles Davis. Shekarar 1949. Baƙar fata ne daga Amurka, mai busa ƙaho, ya zo bikin kiɗan jaz a Paris. Shi 22, ita 22. Ba ya jin Faransanci, ita ma Turancinta bai taka kara ya karya ba, amma soyayya ta ƙullu. Ku duba daga inda ya fito, jama'a. Ƙasar da a jihohi da yawa doka ta haramta aure tsakanin baƙi da fari. Doka fa! Sai ga shi yana yawo bakin kogin Seine da baturiya, hannu cikin hannu, ba mai harararsa. An ce Sartre ya tambaye shi me ya hana ya aure ta, ya ce son da yake mata ya fi ƙarfin ya jefa ta cikin wahala. Ya san abin da za ta gani a can. Kuma ta gani. Bayan 'yan shekaru ta je New York, ta gayyace shi cin abinci a otal ɗinta, ma'aikata suka wulaƙanta su a kan idonta. Ya ce mata kada su ƙara haɗuwa a Amurka. Duk da haka zumuncinsu bai yanke ba har ya rasu a 1991. Shekara 42 ke nan. Ni wannan labari yana taɓa ni ƙwarai.

Wancan ne na biyu, yanzu na uku. Fim. Ta fito a Orphée na Jean Cocteau a 1950, sai Belphégor a talabijin a 1965. Ta rasu a 2020 tana da shekara 93.

Na'am, Hajiya?

(Malam, ta taɓa zuwa Afirka?)

Ta zo, har maƙwabtanmu. Fim ɗin The Roots of Heaven na John Huston, wanda ya fito a 1958, labarin mutumin da ke yaƙi da masu kashe giwaye, a Chadi aka ɗauki wani ɓangarensa, wajen Fort-Archambault, garin da yau ake kira Sarh, wani kuma a Marwa ta Kamaru. Zafi da zazzaɓin cizon sauro sun kwantar da ma'aikata da yawa, ita ma ta yi jinya. Akwai ɗan Marwa a ɗakin nan? Yawwa, ɗaga hannu mu gan ka.