Idan aka ce muku "an sa shi a inji"

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaba, iyayenmu da ke zaune a gaba, 'yan'uwa maza da mata, barkanmu da yamma.

Kun tuna bara da muka yi karo-karo aka kai wani yaro daga ƙauyenmu na ƙasar Ringim zuwa Indiya, a canja masa ƙofar zuciya, wato marfin da ke hana jini komawa baya a cikinta. Daren da aka yi aikin, mahaifinsa ya kira ni, muryarsa na rawa: "'Yata, an ce an sa shi a inji. Ki gaya mini gaskiya, ya cika ne ake ɓoye mana?" Kafin gari ya waye har maƙwabta sun fara shigowa da tabarmi. Yaron kuwa yana da rai. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin kulawa ta musamman a nan Ingila, shi ya sa na roƙi a ba ni mintuna kaɗan.

Duk wanda za a buɗe wa zuciya, ana ɗora shi a kan injin da ke riƙe aikin zuciya da huhu har a gama. Tun 1953 wani likita, John Gibbon, ya fara cin nasara da shi a Amurka. Yawancin mutane ana gama ɗinki zuciyarsu ta karɓi aikinta. Amma akwai 'yan kaɗan da tasu ke fitowa a galabaice, tana bugawa amma ba ta iya tura jini ya kai ƙoda da ƙwaƙwalwa, ko an ƙara mata magani. Su ake sa wa wata na'ura daban da muke kira Ekmo, ita ce injin da aka sa yaronmu a kai.

Wanda ya taɓa noman rani a fadama ya san hoton. Injin ban-ruwanka ya tsaya, tumatir na neman ƙonewa, sai ka ari na maƙwabci kafin a gyara naka. Ana zura bututu mai kaurin yatsa ta babbar jijiyar matsematsi, famfo ya zuƙo jini waje, ya bi ta wani akwati da ke cire gurɓatacciyar iska ya sa oksijin, sannan ya koma jiki ta wata jijiyar. Da idonka za ka ga jinin ya fita baƙi-baƙi ya dawo jajawur. Wani lokaci ta ƙirjin da aka buɗe ake sa bututun.

Na'urar ba ta warkar da zuciya. Hutu take ba ta, na kwanaki, ko za ta farfaɗo. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Dole a ba majinyaci maganin tsinka jini kada ya daskare a bututu, alhali ga sabon yanka a ƙirji, don haka zubar jini shi ne abin da ya fi hana mu barci. Ƙafar da aka sa wa bututu kan rasa jini, ƙoda kan tsaya, wani ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ba zan ɓoye muku ba: cikin manyan da aka sa wa ita bayan tiyatar zuciya, fiye da rabi ba sa fita asibiti da rai. Amma ba don ita ba, da kusan dukkansu a ranar za a rasa su. Yaronmu Allah ya yi da sauran kwanansa, a kwana na biyar aka cire shi, yanzu yana kai awaki kasuwa.

Abin da ya kai shi Indiya shi ya fi ci mini rai. Ciwon maƙogwaro ne tun yana yaro. Aka kira wanzami ya cire beli, zazzaɓi ya dawo da ciwon gaɓoɓi, aka ce sanyi ne. Ƙwayar cutar da fenisilin na kwana 10 ke kashewa ita ta sa jiki ya juya ya ci ƙofar zuciyarsa a hankali. Wanda ya riga ya kamu kuma, allurar fenisilin duk bayan mako uku ko huɗu tana hana abin ƙaruwa, in dai ba a yi fashi ba. A ƙauyukanmu kuɗin mota zuwa asibiti kaɗai ya isa ya sa a yi fashin.

Shugaba, ga roƙona. Duk wanda za mu tura aikin zuciya, a tambayi asibitin tun kafin a biya: suna da Ekmo, kuma nawa ne kwana ɗaya a kanta? Bara ba mu tambaya ba, sai da muka sake bin gida-gida da tsakar dare. A kuma ware mutum ɗaya da zai riƙa jin likita yana fassara wa iyaye da Hausa, kada labari ya isa ƙauye a guntule. Sannan ina neman a cire wani kaso na asusunmu duk wata don allurar yaran da aka riga aka gano a asibitin garinmu, har da kuɗin motarsu. Na yi magana da ma'aikacin lafiyar da ke can, ya yarda zai riƙe mana rajista. Ma'aji na da lissafin a hannunsa, in an amince a kaɗa ƙuri'a kafin sallar Magariba.

Na gode. Wassalamu alaikum.