Jakar Goyon Yaro Don Hawan Dutse: Abin Dubawa Kafin A Biya Kuɗi

Assalamu alaikum iyaye maza da mata, na Agege, na Idi-Araba, na Mile 12, da duk inda kuke kallonmu a faɗin Legas.

Yaro ɗan shekara biyu nauyinsa yakan kai kilo 12 ko kusa da haka. A tsakar gida ko a hanyar kasuwa zane da majanyi sun wadatar, babu mai koya wa matanmu goyo. Amma ranar da iyali suka hau jirgin ƙasa a tashar Agege suka sauka Abeokuta don hawan dutsen Olumo, ko suka nufi Erin Ijesha a jihar Osun inda ruwa ke gangarowa hawa bakwai, magana ta canza. Zane yana sassautawa in an yi gumi, sai ka ga uwa tana hawa da hannu ɗaya, ɗayan yana tallabe da yaro ta baya, alhali jiƙaƙƙen dutse hannu biyu yake so. Uba kuwa ba ya goyo da zane, sai ya saɓa yaro a wuya, in santsi ya kwashe shi yaron ne zai fara isa ƙasa.

Abin da ke magance wannan matsala shi ne jakar goyo mai ƙarfe a ciki. Tana da mazaunin yaro, da maɗaurai, da aljihun kaya a ƙasa. Ba a sa jariri a cikinta. Sai yaro ya iya zama da kansa, wuyansa ya yi ƙwari, wato daga wata shida zuwa sama. Manyan kamfanoni irin su Deuter da Osprey sun tsayar da iyakar nauyi a kilo 22, kuma wannan adadi ba na yaron kaɗai ba ne, har da kayan da aka cusa. Jakar kanta takan kai kilo uku babu komai a ciki. Ku ƙara lita biyu na ruwa, da abinci, da kayan canji, za ku ga mutum yana hawa da kilo 18 a bayansa.

Shi ya sa nake roƙonku, in kun ɗauki jakar a shago, ku bar launi da yawan aljihu tukuna, ku kai hannu kan ɗamarar ƙugu. Ita ce ke ɗaukar mafi yawan nauyin. Ku matsa ta da yatsa. In ta lanƙwashe kamar tsumma, ku ajiye, domin duk nauyin kafaɗa zai koma, kuma kafin a yi rabin hanya wuya ya riƙe, gadon baya ya ɗauki zafi. Ana son ta da faɗi, da kauri, da ɗan tauri, ta zauna daidai kan ƙashin ƙugu, ba kan ciki ba.

Sai tsawon bayan jakar. A nan mutane da yawa ke asara. Malam dogo ne, Hajiya ba ta kai shi ba, kuma su biyun ne za su riƙa karɓar juna a hanya. In bayan jakar ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, ɗayansu kaɗai za ta yi wa daidai. Ku nemi wadda ake zuge bayanta sama ko ƙasa, ku gwada da hannunku ku ga ba ta da wuyar gyarawa, don a kan dutse za a yi wannan gyara, yaro yana kuka.

Ga yadda ake gwaji. A sassauta dukkan maɗaurai, a goya, a fara ɗaure ɗamarar ƙugu, sannan a ja na kafaɗa, sai ƙananan nan biyu da ke saman kafaɗa waɗanda ke jawo jakar ta manne da baya, na ƙirji shi ne na ƙarshe. In ba ku zo da yaron ba, jarkar ruwa mai lita biyar guda biyu kilo goma ke nan, ku sa a ciki. Ku yi tafiyar minti goma, ku hau bene ku sauko. Mai shagon da ya hana ku wannan gwaji, ku yi masa sallama. Wanda kuma ya yi oda ta intanet, ya tabbatar ana karɓar kaya in ba su yi daidai ba.

Yanzu zafi. Yawancin jakunkunan nan an ɗinka su ne da tunanin duwatsun Turai da Amurka, mu kuma a Legas iska kanta jiƙe take, gumi ba ya bushewa da wuri. Ku zaɓi wadda bayanta raga ce, da ɗan fili tsakaninta da jiki, mazaunin yaron ma ya zama iska na ratsa shi ta gefe. Rumfar rana wajibi ce a wurina, in babu a jiki ku tambaya ko ana sayar da ita daban. Mai goyo yana jin nasa zafin, amma yaro yana iya galabaita ya yi shiru a ɗauka barci yake. A riƙa taɓa ƙeyarsa, a ba shi ruwa, a fita da sassafe. Ledar ruwan sama tana da amfani da damina, sai dai tana tara zafi, ruwa na tsayawa a cire ta. Matashin da yaro ke kwantar da fuska kuwa ya zama ana ciro shi a wanke, in ba haka ba danshin garin nan zai sa ya yi fumfuna.

Maɗaurin yaro ya kama shi ta wuri biyar: kafaɗu biyu, ƙugu biyu, da tsakanin ƙafafu. Haɓarsa ta zo daidai da saman matashin gaba. Wasu jakunkunan suna da wurin taka ƙafa, kuma yaron da ya fara girma yana jin daɗinsa, don ƙafar da ke reto ta daɗe tana yin sanyi. Duk da haka a riƙa sauke shi kamar bayan kowace awa ya taka ƙasa.

Wannan ƙafar ƙarfe da ke buɗewa ta baya don sa yaro da ciro shi aka yi ta, a ƙasa, hannunku na riƙe. Ba kujera ba ce. Kada a ɗora a kan tebur ko benci, kada a juya baya.

Sabuwa tana da tsada, na sani, kuma ana dacewa da mai kyau a gwanjo, a Katangua ko Yaba. Sai dai a nan ido ya buɗe. A ɗaure kowane makulli a fizge shi da ƙarfi, a bi ɗinki da yatsa, a duba ƙarfen ko ya tanƙware ko ya tsage. A nemi tambarin da ke ɗauke da lambar ƙa'idar inganci, wato EN 13209-1 na Turai ko ASTM F2549 na Amurka. A kuma sa sunan samfurin a waya a bincika, domin an taɓa janye wasu daga kasuwa a Amurka saboda yaro na iya zamewa ta wurin fitar ƙafa. Makullin da ya karye aka ɗaure da igiya, ko kyauta aka ba ku kada ku karɓa.

Fitar farko kada ta zama ta hawan manyan duwatsu irin na Idanre a jihar Ondo. Ku fara da gandun dajin Lekki, wanda aka kafa a 1990, inda hanyar katako take shimfiɗe babu hawa. Gadar sama da ke wurin mai tsawon mita 401 ba ta ƙananan yara ba ce, ku bi ta ƙasa. Ku tuna kan yaron ya fi naku tsawo yanzu, ku lura da rassa, in za ku ɗauki abu a ƙasa ku durƙusa da gwiwa, kada ku sunkuya. Biran wurin sun saba da mutane kuma suna wafce abinci, saboda haka kada a miƙa wa yaro biskit yana baya inda ba a ganinsa, a bari sai an sauke shi an zauna.