Faransanci: yadda za ka tambayi mutum me ya canza a tare da shi

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da warhaka. Darasin yau ya ɗan yi zurfi, ba na gaisuwa ko cinikin kasuwa ba ne. A ce abokin aikinka a Yamai ko wani maƙwabcinka ɗan Abijan ya dawo daga Hajji, ko ya tashi daga doguwar jinya, ko wata ta yi haihuwar fari, kai kuma iyakar abin da ka iya shi ne ça va, wato gaisuwar "lafiya?", shi ma ya ce maka ça va, shikenan hira ta mutu alhali mutumin nan cike yake da magana yana jiran wanda zai buɗe masa ƙofa.

To ga tambayar, ku saurara da kyau: Qu'est-ce qui a changé en toi ? Kes ki a shanje an twa. Wato me ya canza a tare da kai. Wannan "an" ɗin ta hanci ake fitar da shi, kar ka danne n ɗin. Shi kuma "je" na shanje, 'yan Maraɗi kun ci riba don yadda kuke furta j a Hausarku haka Faransawa suke yi, mu na Kano sai mun sassauta harshe.

Amma don Allah a kula, toi na sa'anka ne ko ƙaninka. In Alhaji ne ko Hajiya da suka girme ka, sai ka ce en vous, an vu, kamar dai yadda muke ce wa manya "kun dawo lafiya". Wallahi wannan ya fi mini duk sauran muhimmanci, tambaya ce mai shiga zuciya, in babu ladabi a ciki sai ta koma bincike.

Kana iya sa lokaci a gaba: Depuis ton retour de La Mecque, tu te sens différent ? Tun da ka dawo daga Makka kana jin ka canza? In namiji ne diferan, t ɗin ba ya fita. In mace ce différente, diferant, a nan t sai ya fito ɓaro-ɓaro.

Akwai kuma Qu'est-ce que ce voyage t'a appris ? me tafiyar nan ta koya maka. Kun lura nan que ne ba qui ba ko? Qui aikatau ne ke binsa kai tsaye, que kuwa sai an fara faɗin mai yin aikin, wato ce voyage. Ɗalibai da yawa nan suke tuntuɓe.

Amsar kuma yawanci da avant da maintenant take zuwa, da da yanzu. Misali Avant, je m'énervais vite, maintenant je suis plus patient, da ina saurin fushi yanzu na ƙara haƙuri. Ko ya ce Je ne vois plus les choses de la même façon, yanzu ba yadda nake kallon abubuwa da ba ne, kuma a bakin mutane "ne" ɗin yakan ɓace, za ka ji je vois plus, kar ya ruɗa ka.

In ya fara magana ya tsaya, ce masa raconte-moi, ko racontez-moi ga babba, ba ni labari. Daga nan ka yi shiru ka saurare shi ko da ba duka kake ganewa ba. Mu maimaita ta farkon tare, yadda ake faɗa wa babba, a hankali: kes, ki, a, shanje, an, vu.