Kayan Ɗan'uwanmu Na Tsare a Tashar Jiragen Ruwa: Jawabin Sakatare a Taron Ƙungiya, Manchesta

Alhazai da Hajiyoyi, ku yi mini haƙuri, rahoton wata sai a ƙarshe. Kwantenar ɗan'uwanmu tana nan a tashar jiragen ruwa har yanzu. Zoɓo ne da citta da riɗi, jarinsa ne kakaf har da bashin da ya ciwo, kuma kullum garin Allah ya waye kuɗin ajiya na hawa kansa. Ba a ce kayan sun lalace ba, takarda ce ba ta cika ba. Da ya kira ni ya ce wa zai nufa, na duba duk cikinmu ban ga mutum ɗaya da ke da rajista da wata cibiyar ciniki ba.

Akwai cibiyar da aka kafa don irin wannan rana. Cibiyar Ciniki ta Najeriya da Birtaniya, wadda aka fi sani da NBCC, an kafa ta a Legas a 1977. Ku dubi shekarar da kyau. A cikinta gwamnatin Obasanjo ta fito da doka ta biyu ta mayar da hannun jarin kamfanonin baƙi ga 'yan ƙasa, bayan ta farko ta 1972. Zama ya yi tsami tsakanin ƙasashen biyu. A 1979 gwamnatin Najeriya ta ƙwace kadarorin kamfanin man fetur na Birtaniya, BP, saboda batun Afirka ta Kudu da Rodeshiya, a shekarar ce kuma bankin Barclays ya koma Union Bank. Gwamnatoci na ta hararar juna, amma 'yan kasuwar ɓangarorin biyu suka zauna suka ce ciniki ba zai tsaya ba. Suka sa kuɗin shiga, suka sa na shekara, suka biya. Yau kusan shekara 50 ke nan cibiyar na nan, tana kai tawagogin 'yan kasuwa, tana haɗa mai saye da mai sayarwa, in doka ta sauya membobinta su fara ji.

Abin da ke ci mini rai, wannan ciniki da kayan wa aka gina shi? Garin nan da muke zaune, a nan aka kafa ƙungiyar noman auduga ta Birtaniya a 1902, ita ce ta je ta kafa injinan gurzar auduga a Zariya da Funtuwa. Audugar kakanninmu ta shiga masaƙun ƙasar nan. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, Turawa na sa ran auduga, manoman Kano suka ga gyaɗa ta fi riba suka cika taragu da ita. Alhassan Ɗantata ya zama dillalin Kamfanin Neja, dalar gyaɗa ta tashi har aka sa ta a hotuna. Fatar jar akuyar Sakkwato kuwa, tun kafin jirgin ƙasa Turawa ke ɗaure littattafansu da ita suna ce mata fatar Maroko, don ta can ayari ke fitar da ita. Masaƙar Kaduna ta farko ma, da wani kamfanin yankin Lankasha na nan Ingila aka haɗa hannu aka kafa ta a shekarun 1950. Duk wanda ya tashi a Kakuri ya san ƙarar jiniyar canjin aiki. Wallahi in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi.

To mu jikokin masu wannan kaya, yau mu ne kwantenarmu ke tsare ba mu san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa ba.

Kuma dokoki ba su tsaya jiranmu ba. A 2015, lokacin Birtaniya na cikin Tarayyar Turai, aka hana shigo da busasshen wake daga Najeriya saboda maganin ƙwari da ake zuba masa a rumbu. Tun daga nan idon masu binciken abinci ke kan duk buhun da ya fito daga gida. A watan Yunin 2023 Birtaniya ta fara sabon tsarin rangwamen haraji ga ƙasashe masu tasowa, Najeriya na ciki, amma rangwamen ba ya samuwa sai ka tabbatar da asalin kayanka a rubuce. A Fabrairun 2024 kuma ƙasashen biyu suka sa hannu kan yarjejeniyar bunƙasa ciniki da zuba jari. Mu nawa a ɗakin nan muka karanta ko shafi ɗaya? Mai fitar da kaya sai ya yi rajista da hukumar bunƙasa fitar da kaya, ya cike fom ɗin NXP, wato na bayanin kuɗin kayan da zai fitar, ta bankinsa, ya karɓi takardar lafiyar tsirrai daga hukumar killace amfanin gona, ya sami takardar shaidar asalin kaya. Takarda guda ɗan'uwanmu ya rasa a ciki. Da yana zama inda ake wannan magana, da tun kayan na Dawanau wani ya ja kunnensa.

Tun bara kwamiti ya kawo shawarar mu yi wa reshenmu na kasuwanci rajista da NBCC, mu kuma ƙulla da KACCIMA, wato cibiyar ciniki ta Kano, don masu ɗora mana kaya. Kowa ya ɗaga hannu. Da aka zo maganar kuɗi, asusu ba komai, domin mafi yawanmu ba su biya kuɗin wata ba. Iyayena, yayyena, ba na kiran sunan kowa, amma kowa ya san kansa. In biki ne ana samun na anko cikin kwana biyu. Don girman Allah ku dubi mai kwantenar nan, ga shi can zaune bai iya ɗaga kai. Yana da iyali a nan, yana da tsofaffi a gida da ke jiran saƙonsa. Gobe kwantenar waninmu ce.

Abu biyu nake roƙo yau. Gudummawar gaggawa don a biya wakilin fito da kaya ya bi takardar nan kafin kuɗin ajiya ya cinye jarin, sannan duk mai bashin ƙungiya ya rage ko rabi ne, a tura takardar rajista cikin watan nan.

Rahoto a gurguje: makarantar Asabar ta yara tana tafiya, ana neman ƙarin malama ɗaya. An biya hayar ɗakin nan. Ziyarar asibiti an yi, mara lafiya ta samu sauƙi, Alhamdu lillahi. Sauran a rubuce suke, na tura a WhatsApp. Ma'aji na bakin ƙofa da littafi, mata kuma su ga Hajiya shugabar mata kafin a fara rabon abinci.