Ciwon Dajin Ƙashin Baya: Yaushe Yake Kaiwa Ga Ƙwaƙwalwa?

Masu kallonmu a Gusau, Talatar Mafara, Birnin Kebbi da Argungu, assalamu alaikum. Akwai wani nau'in ciwon daji da likitoci ke kira kodoma, wanda yake tsirowa a ƙashin baya daga ragowar zaren da gadon bayan ɗan tayi ke ginuwa a kansa tun yana cikin mahaifa. A kowace shekara, kusan mutum 1 ne cikin miliyan 1 yake kamuwa da shi, kuma ya fi samun waɗanda suka haura shekara 40. Inda ya fi tsirowa shi ne ƙashin da ke can ƙasan tsatso, sai kuma gindin ƙoƙon kai.

Kodoma yana girma ne sannu a hankali, shi ya sa majiyyaci kan daɗe yana fama da ciwon tsatso, wahalar bayan gida ko riƙewar fitsari, ana ta yi masa maganin basir ko sanyin ƙashi, alhali ƙarin yana danne jijiyoyi.

Idan ya bazu, jini ne yake ɗaukarsa, kuma da yake jinin da ya baro ƙashin baya sai ya ratsa huhu kafin ya isa kai, huhu ne ya fi kamuwa, sannan hanta da sauran ƙasusuwa. Kaiwarsa ƙwaƙwalwa abu ne mai wuyar faruwa ƙwarai. Wajibi ne a bambanta wannan da ƙarin gindin ƙoƙon kai, wanda yake matse ƙwaƙwalwa saboda maƙwabtaka, ba don ya yi tafiya a jini ba. Abin da ya fi tayar wa likitoci hankali shi ne dawowar ƙarin a gurbinsa bayan tiyata.

Duk da haka, wanda aka taɓa yi wa aiki, ko da shekaru sun shuɗe, idan ya fara ciwon kai mai tsanani da amai, farfaɗiya, ganin abu bibbiyu ko mutuwar ɓarin jiki, ya koma asibiti a ɗauki hoton MRI, wato hoton na'ura mai nuna cikin ƙwaƙwalwa, ba tare da jinkiri ba.

Babban maganin kodoma tiyata ce da za ta cire ƙarin ɗungurungum, sai gashi da na'ura, domin allurar ciwon daji ba ta cika tasiri a kansa ba. Daga Zamfara da Kebbi, akan tura irin waɗannan majiyyata Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Tarin fukan ƙashin baya ya fi kodoma yawa nesa ba kusa ba a yankinmu, kuma suna iya kama da juna a hoto, don haka sai an yanki tsokar an auna kafin a tabbatar da wanne ne.