Ginin da ke karɓar umarnin kowa

An rubuto wannan daga faifan wata lacca da aka gabatar wa masu kula da manyan gine-gine a Abuja.

Assalamu alaikum. Manyanmu da ke gaba, ranku ya daɗe. 'Yan uwa injiniyoyi, barkanmu da warhaka.

Kusan duk wani babban bene na zamani a Maitama ko Wuse, in ka sauka ɗakin ƙasa za ka tarar da kwamfuta ɗaya da ke riƙe da ginin. Ita ke kunna injin sanyaya iska, ta cika tankin sama, ta lura da janareta idan an ɗauke wuta. To, umarnin wa take bi? A wurare da yawa, na duk wanda ya iso gare ta ne.

Abin ya samo asali. Na'urorin gini suna da yarukan da suke magana da juna da su, kamar Modbus da BACnet. Kamfanin Modicon ya fito da Modbus a 1979, BACnet kuma ya zama ma'auni a 1995. A lokacin waya ce cikin bango, wanda zai taɓa ta sai ya wuce mai gadi. Saboda haka ba a koya wa na'urorin tambayar "kai wane ne?" ba. Ka ce mata ta kashe famfo, sai ta kashe. Ban ga laifin waɗanda suka ƙirƙira ba. Mu ne muka zo muka jona abin da intanet.

Kun san yadda ake yi. Ɗan kwangila yana Legas, ba ya son hawa jirgi duk lokacin da injin ya yi tari. Sai ya maƙala ƙaramin modem mai sim a cikin akwatin, ya bar kalmar sirri yadda ta zo daga masana'anta. Na sha ganin takarda manne a gefen allon kwamfuta, an rubuta admin da 1234 da biro. Na ga wasu na dariya, to Allah ya sa ba ofishinku ba ne.

Wani zai ce wa ya san da ginina? Tun 2009 akwai Shodan, shafin da aikinsa ke nan, laluben na'urorin da ke buɗe a intanet. BACnet yana amsawa ta ƙofa mai lamba 47808, Modbus ta 502, kuma na'urar BACnet da bakinta take faɗin sunanta da kamfanin da ya ƙera ta. Ba sai wani ya nufe ka da sharri ba, tsintar ka za a yi.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai na Jamus ne, a 2021. Wani ginin ofisoshi mai amfani da tsarin KNX, wani yaren na'urorin gini, masu kutse suka shiga, suka goge saitin ɗaruruwan na'urori. Na'urorin nan suna da wurin sa makulli, amma masu ginin ba su taɓa sawa ba. Sai ɓarayin suka sa nasu. Mai gida a waje, makulli a hannun ɓarawo. Fitilu ma sai an je an ɗaga makunnin babban akwatin wuta da hannu. A Amurka kuwa, a 2013, da bayanan shiga na ɗan kwangilar injinan sanyi aka kutsa kantunan Target, aka kwashe bayanan katin banki kusan miliyan 40.

Yanzu ku kawo shi nan gida, a watan Maris da zafin Abuja, asibiti ne ko ɗakin ajiyar manyan kwamfutocin banki, a kashe sanyi da tsakar dare.

Birtaniya ta haramta sayar da na'urorin gida masu kalmar sirri ta gama-gari tun Afrilun 2024, kuma akwai BACnet/SC, sabon nau'in BACnet mai tantance mai magana. Amma tsofaffin na'urorin da ke bangonku za su shekara ashirin suna aiki, ba dokar da za ta canza su.

A ganina matsalarmu ta ranar miƙa aiki ce. Sashen kwamfuta ya ce kayan injiniyoyi ne, injiniya ya ce shi ruwansa da bututu da waya, sai abin ya zama ba na kowa ba. Ku sa a takardar kwangila: kafin a biya ragowar kuɗi, a canza kowace kalmar sirri a gabanku, a raba layin na'urorin gini da na ofis, a cire modem ɗin nan ko a sa shi bayan VPN, wato hanyar shiga mai tsaro da sai an tantance mutum. Ɗan kwangila zai ce ana ɓata masa lokaci. Ku riƙe cekinsa har ya gama.